Kwamandan Da Ya Mutu A Kashi Na Ɗaya

Ni da bakina na roƙa a kashe ni.

Ina koyarwa a wata firamare a Ƙanƙara lokacin da wani abokina, mai ɗaukar bidiyon biki a Faskari, ya zo mini da maganar zai shirya fim ɗin yaƙi. Kyamararsa ɗaya ce, wadda yake ɗaukar walima da saukar karatu da ita. Ya ce ni zan fito a kwamanda, don ina da murya kuma na iya tsawa. Muka yi aikin a duwatsun bayan Faskari, a zamanin da ake iya wuni a daji ba fargaba. Bindigoginmu kafinta ne ya sassaƙa aka shafa musu baƙin mai, jini kuwa zoɓo ne mai kauri. Da aka zo ƙarshen labari, abokin nawa, wanda tun daga nan muke kira Darakta, ya so kwamanda ya koma gida da nasara. Na ce a'a, a harbe ni a kan dutse, in yi wasiyya in cika, don na lura mutane ba sa manta wanda ya mutu a fim. Haka aka yi.

Fim ɗin bai ga sinima ba, bai ga talabijin ba. Shagunan cajin waya aka kai shi, ana tura wa mutane. Amma ya zaga. Daga Mabai har Sabuwa, duk inda na sauka daga mota sai in ji an ce, “Kwamanda!” Na sha daɗin sunan nan ba kaɗan ba.

Akwai ƙanen matata, bakaniken babur ne, mutum mai shiru-shiru. Ni na ja shi wurin ɗaukar fim ɗin don ya taya mu ɗaukar kaya, har na sa baki aka ba shi kurtun da ke riƙe mini gorar ruwa. Maganarsa a fim ɗin gaba ɗaya ita ce, “To, ranka ya daɗe.”

Shekaru suka ja. Wata ranar kasuwa, a teburin mai shayi na ji wai an gama kashi na biyu a Sabuwa, kuma kurtun nan ne ya zama kwamanda, ya fito ɗaukar fansar maigidansa. Shayin bai ƙara shiga ba. Ashe tafiyar da yake ta yi yana cewa gyara ya kai shi, ke nan.

Ba a daɗe ba Darakta ya zo gidana bayan la'asar, da kwamfuta a jaka, ƙanen matata a bayan babur.

“Malam, ba zan sake shi ba sai ka gani,” in ji shi. “Kai ne babba a harkar nan. Abin da ka gani ka faɗa, kada ka rufe mini.”

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Matata ta bar tankaɗen da take yi ta zo ta zauna, ta ɗora ƙaramar 'yarmu a cinya.

Gaskiya fim ɗin yana da abin faɗi, kuma na ji daɗin hakan. Tunda daji ya daina shiguwa, duk yaƙin a gonar masara ɗaya aka yi shi, a bakin gari, har rufin wani masallaci yana leƙowa ta sama. Abokan gaba mutum uku ne kacal, ana kashe su suna sauya rawani suna dawowa. Ɗaya daga cikinsu gurgu ne, ba wanda zai kasa gane shi. Mutum kan faɗi ƙasa tukuna, sannan ƙarar harbin ta biyo baya. Jirgin yaƙi kuwa ƙararsa kawai ake ji, sojoji na nuna sama. Ana tsakiyar artabu wata mai tallan fura ta ratsa ta baya, ta tsaya tana kallo abinta. Mutuwata ta kashi na ɗaya ma an sako ta, amma an dusashe hoton, an kuma yanke wasiyyar da na kwana biyu ina haddacewa.

Duk wannan ina tara shi a raina ina murmushi. Abin da ban shirya masa ba shi ne yaron nan.

Ba ya tsawa ko kaɗan. In zai ba da umarni sai ya yi ƙasa da murya, amma sai ka ga kanka kana matsowa don ka ji. Akwai wurin da ya je sanar da wata tsohuwa cewa ɗanta ba zai dawo ba. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya cire hula yana jujjuya ta a hannu. Ya buɗe baki ya kasa. Tsohuwar ta dube shi, ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Shi ke nan, ba kiɗa, ba kuka. A yankinmu ba gidan da bai san irin wannan sallamar ba.

Na waiwaya na ga matata tana share hawaye da bakin mayafi. Matar da ranar da ta kalli mutuwata dariya ta yi har da riƙe ciki, wai gawa ta motsa ƙafa. Cinnaka ne ya cije ni, na yi mata bayani ya fi a ƙirga.

Da aka gama Darakta ya ce, “To Malam, mi ka gani?”

Na gyara zama na zazzage masa komai, tun daga gurgun nan har mai fura. Yana gyaɗa kai yana cewa, “Wallahi haka ne.” Na ce kashi na ɗaya ya fi nauyi, ya fi tsari, ya fi ma'ana. Ya ce ai ba a haɗawa.

Sai ƙanen matata, wanda tun da aka fara kansa ke sunkuye, ya ce, “Yaya, ni fa? Ya ka ga nawa?”

“Ba laifi,” na ce. “Sai dai ka riƙa ɗaga murya. Kwamanda ba ya magana kamar mai jinya.”

Ya ce ya gode, in sha Allahu zai gyara. Da gaske yake faɗa, wannan ya ƙara ƙona mini rai. Matata ta yi mini wani kallo, ta tashi ta koma kan tankaɗenta. Da za su tafi ta cika wa ƙanenta leda da dambu, ta raka shi har zaure tana ce masa, “Allah ya ƙara ɗaukaka, ɗan'uwana.”

Darakta ya yanke mai fura, ya daidaita ƙarar harbi, sauran ya bar su yadda suke. Fim ya fita, ya kuma fi na farko zagawa nesa ba kusa ba. Yaran ajina suka koma wasan cire hula suna jujjuyawa a lokacin tara. Ranar wata kasuwa na ji an ƙwala kira, “Kwamanda!” Na juya da fara'ata, hannuna har ya ɗaga, ashe ƙanen matata ake kira, yana tsugune gaban wani babur da sifana a hannu. Ni kuwa 'yan teburin mai shayi suka raɗa mini sabon suna, wai Marigayi.

Kwanakin baya na shirya takanas na tafi Faskari, na sami Darakta a shagonsa. Bayan mun gaisa na ce masa na yi wani tunani: me zai hana a ce kwamandan farko yana da ɗan'uwa tagwai, wanda ya daɗe a ƙasar waje, kamarsu ɗaya har murya? Ya goge gilashin kyamara da gefen riga. Ya ce shawara ce mai kyau, zai duba. Ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, sannan ya tambaye ni ko ƙanen matata ya sauya lambar waya, don tun safe yake nemansa ba ta shiga.