Yadda 'Yata Ta Koyi Riƙe Magana

Shekarar da 'yata ta shiga aji uku, malamarsu ta aiko a kira ni. A nan Makka abla yara ke ce wa malama, kuma wannan ablar mai haƙuri ce, ba don faɗa ta neme ni ba. Ta zaunar da ni a bayan aji ta ce in lura. Sai ta ce wa yara su buɗe littafin lissafi, su nemo shafin jiya, su kwafe layin farko. Kowa ta sunkuya tana rubutu. Tawa ta buɗe littafin, ta dubi taga, ta dubi ta kusa da ita, sannan ta hau feƙe fensirin da ko dakushewa bai yi ba.

"Ba daƙiƙiya ba ce," abla ta ce mini da Larabci, a hankali don in gane. "Tana ji sarai. Kafin ta kama abu na biyu, na farko ya zube."

A lokacin a unguwar Ka'akiyya muke zaune. Ina dafa wa ma'aikatan gini abincin rana, mahaifinta kuwa aikin wutar lantarki yake yi. Maƙwabta kowa da fassararsa: wata ta ce sangarta ce, wata ta ce a nemo mai ruƙiyya. Mahaifin nata kuma yakan ce, "Ki bar ta, ƙuruciya ce." Amma ni na ga ranar da ta dawo ta jefar da jaka, ta ce da Hausarta mai gauraye da Larabci, "Umma, kaina rariya ne. Komai aka zuba sai ya tsiyaye."

Abla ce ta yi mana kwatancen wata mata a unguwar Shisha mai horar da yara irin tawa. Muka hau tasi muka je. Ashe kakanninta Hausawa ne, ta Sudan suka biyo suka zo, don haka da Hausa ta tarbe mu, tsohuwar Hausa mai daɗin ji. Ta jera ƙananan kofunan shayi a kan tebur, ta taɓa wasu ɗaya bayan ɗaya, ta ce yarinya ta maimaita. Biyu ta iya. A na uku ta tsaya tana kallon wani kifi da ke yawo cikin gilashi.

Matar ba ta yi mini romon baka ba. "'Yar uwa, ni ba warkarwa nake yi ba, kuma sai kin kai ta wajen likita ya gan ta. Hankalinta zai ci gaba da yawo. Abin da za mu yi, mu ɗan faɗaɗa mata abin da take iya riƙewa, mu kuma koya mata dabaru: ta riƙa nanata magana a bakinta, ta ɗora kowane abu a kan yatsa, ta iya ce wa babba ya sassauta."

Ta ce a riƙa yi a gida kullum, kaɗan-kaɗan, a tsaya tun kafin ta gaji. Ni ba ni da kayan wasa irin nata, kayan miya gare ni. Bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma in ce, "Citta, masoro, kanumfari." Ita kuma ta jero su daga na ƙarshe zuwa na farko. Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. Akwai ranar da ta watsa mini kanumfari a fuska ta shige bayan labule. Akwai watan da komai ya tsaya cak, har na ce wa mahaifinta na haƙura, wahalar banza muke yi.

Washegari ya dawo da guntayen waya kala-kala a aljihu, ya zauna a tabarmata ya ce, "Zo mu gwada ni da ke, a ga gwani." Shi ya faɗa ta jera, ita ta faɗa ya jera. Da farko da gangan yake kuskure. Wata rana ta jero masa kaloli masu yawa, ya saka shuɗi a gurbin kore, kuma na ga a fuskarsa cewa wannan karon da gaske ne. Ihun da ta yi sai da maƙwabciya ta leƙo. Ban ankara ba kuma, tun da da Hausa muke wasan, bakinta ya soma warwarewa da harshen da a da take jin nauyinsa.

Da shekara ta zagayo, mahaifiyata ta zo Umra, suka sauka da 'yan tawagarsu a wani masauki a Misfala. Ba ta daɗe ba tari da jiri suka kama ta, ga shi dama tana da hawan jini. Na ɗauki yarinyar muka kai mahaifiyar tawa wani ƙaramin asibiti. Larabcina na kasuwa ne, likitan kuma magana yake yi kamar ruwan sama, ta bayan takunkumi. Tun a jimla ta biyu ya ɓace mini. Ina shirin gyaɗa kai kawai, sai na ga 'yata ta ɗaga hannu.

"Ya daktor, shuwayya-shuwayya," ta ce, wato a hankali. "Ɗaya-ɗaya, zan gaya wa kakata."

Ya dube ta, ya sake farawa. Leɓenta na motsi, tana lanƙwasa yatsu. Ana tsaka da haka wani yaro ya fasa kuka a waje, na ga idonta ya tafi ƙofa. Sai ta matse yatsun da ta lanƙwasa, ta dawo da fuskarta, ta ce ya maimaita na ƙarshe. Sannan ta juya.

"Kaka, farar ƙwayar da safe, bayan kin ci abinci. Na ruwan kafin ki kwanta. Na hawan jininki kada ki daina. Ban da ɗawafi da tsakar rana. In zazzaɓi ya zo, mu dawo."

Likitan ya ce ta mayar masa da Larabci ya ji. Ta mayar, ko ɗaya bai zube ba. Ya ajiye alƙalami ya ce, "Masha Allah!" Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, don kada ta ga hawaye ta zaci laifi ta yi.

Mahaifiyata ta kamo kunnenta tana dariya. "Ƙawata, ashe tafinta gare ni a Makka ban sani ba?"

Kafin magariba labari ya game masaukin. Tsofaffin mata suka cika ɗakin, wannan da kwalbar magani, waccan da saƙon da take so a isar wa direban bas. Yarinyar ta haye kan gado ta harɗe ƙafa, ta ce kowa ta jira layinta, kuma a yi mata magana a hankali. Da ƙyar na ƙwato ta, ina ce musu gobe akwai makaranta. Wata tsohuwa 'yar Sakkwato ta biyo mu har bakin titi tana tambaya ko za a kawo ta ranar Juma'a.