Da Yaya Ya Kira Mu Ganin Teku

Yayana ya daɗe a Badagiri ta jihar Legas yana sayar da albasa. Can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa cewa mu je ba. Shi ke zuwa Illela da babbar salla ya koma. Saboda haka da ya bugo waya ana gab da hutun makaranta, ya ce in ɗauko Inna da yarana biyu mu je mu ga teku, ni murna na yi, Inna kuwa ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Mi za ni yi da teku?" in ji ta. "Mutumen da bai taɓa cewa mu zo ba, yau shi ka neman in ga ruwa?"

Na ce ta bar zargi, ɗanta ne ya tuna da ita. Ta ce to me ya sa ya ce ta kwaso magungunan ƙafarta duka, da tufafi masu yawa? Na ce garin ruwa ne, akwai sanyi. Zane uku ta ɗauka. Ta bar wa maƙwabciyarmu amanar awaki, ta kulle ɗakinta, ta ƙulle makullin a bakin zane.

Tafiyar ta yi tsawo, muka sauka a gajiye. Matar Yaya ta tarbe mu da fara'a, ta kai Inna masaukinta. Nan ne hankalina ya fara tsayawa. Ɗaki ne da ke warin sabon fenti, da sabuwar katifa, da buzun salla, da 'yar kujera gajera irin wadda Inna ke alwala a kai. Har randa aka nemo aka girke a lungu, alhali akwai firji a gidan. Inna ta dubi randar, ta dube ni.

"Baƙon kwana kaɗan ake girka ma randa?" ta tambaye ni a hankali.

Washegari Yaya ya kai mu gidan tarihi. Wani mai bayani ya zagaya da mu, ya nuna mana sarƙoƙi da mari da aka riƙa sa wa bayi kafin a loda su a jirgi. Ya bar yara su ɗaga wata sarƙa su ji nauyinta. Ɗana ya kasa ɗagawa, 'yata ta ɓuya a bayana. Da na waiga, sai na ga Inna ba kayan take kallo ba. Yaya take kallo, wanda ya ja matarsa gefe suna magana ƙasa-ƙasa, da suka ga idonta a kansu suka yi shiru.

Da muka fito ya saya mana kwakwa ɗanya, aka sare kanta muka sha ruwan. Yara suka ce ba su taɓa shan abu mai daɗinsa ba. Inna ta kurɓa sau ɗaya ta miƙa mini, ta ce hurar gida ta fi.

Kwana na biyu Yaya ya ce za mu ga tsohon gidan bene da Turawan farko suka gina. Mun gan shi, yara sun hau sun sauko. Sai dai hanyar da ya bi da mu ta ba ni mamaki. Muka tsaya a unguwar Hausawa, wai mu gaisa da wasu tsofaffi 'yan Sakkwato. Suka rungume Inna kamar sun san da zuwanta, ɗaya har ta ce, "Ai za ki saba, Hajiya, mu ma haka munka fara." Daga nan ya nuna mata makarantar Islamiyyar mata, ya ce da ƙafa ma ana zuwa daga gidansa. Muka wuce ta gaban wani asibiti, ya rage gudu, ya ce likitansu ya iya ciwon ƙafa. Duk yana faɗa ne kamar abin ya zo masa a baki kawai.

Da muka koma gida na same shi a tsakar gida yana wanke mota.

"Yaya, mi kake shiryawa?"

"Kamar yaya?"

"Yawon buɗe ido kac ce. Asibiti da Islamiyya su ma tarihi ne?"

Ya yi dariya, ya ce na fiye ɗaukar halin Inna. Ziyara ce kawai, in saki jiki. Amma bai ɗago ya dube ni ba, yana ta goge gilashin da ya riga ya bushe.

Ranar da za mu bakin teku, yara tun safe suka shirya. Sai an tsallake wani faffaɗan ruwa a kwalekwale mai inji, sannan a taka cikin rairayi da itatuwan kwakwa kafin a kai tekun. Inna ta tsaya a bakin kwalekwalen ta tambayi mai tuƙi ko shi zai dawo da mu. Ya ce e. Ta sa Yaya ya sake tambayarsa da Yarbanci, sannan ta shiga, tana riƙe da hannuna gam.

Tekun ya fi yadda nake zato. Ƙararsa muka fara ji kafin mu gan shi. Yara suka riƙa bin igiyar ruwa in ta koma, su sheƙo da gudu in ta taso, suna ihu. Matar Yaya ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta buɗe kular shinkafa da soyayyen kifi. Inna ta zauna ta miƙe ƙafa, ta daɗe tana kallon ruwan tana tasbihi. Na ce a raina wataƙila mun zarge shi a banza.

Sai wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyarmu ce daga Illela. Bayan gaisuwa ta ce wasu mutum biyu sun zo gidan Inna da igiyar awo, sun auna katanga da zaure, sun ce Yaya ne ya aiko su. Ta ce ɗayansu ta san shi, yana da rumbunan albasa a bayan kasuwa. Gidan Inna kuwa kusa da kasuwa yake, kuma an sha zuwa tayin sayensa tana kora.

Ban iya ɓoyewa ba, don Inna ta ga fuskata. Na faɗa mata. Ta kira Yaya, wanda ke can yana ɗaukar yara hoto. Ya zo ya durƙusa.

"Wa ka aika gidana da igiya?"

"Inna, magini ne. Katangar baya ta tsage, so nike a gyara kahin damina."

"Da mai rumbun albasa ake gyaran katanga?"

"Shi ya san maginin, rakiya ya yi mai."

"To ɗakin da ka yi ma fenti fa?"

Sai ya ce gaskiya yana so ta zauna wurinsa. Ƙafarta na ƙara tsanani, ni ina gidan mijina, ita kaɗai ke kwana a gida. Ya ce ya san in ya faɗa a waya ba za ta zo ba, shi ya sa ya ce teku. Amma maganar sayar da gida, ya rantse bai taɓa kawo ta a ransa ba.

Inna ta ce ta ji. Ta ce tekun Allah ta gani, ta gode, jibi a kai ta tasha. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ja kular ta ci kifinta, ta ce ya yi daɗi. Sauran yinin yara suka ci gaba da wasa.

Da muka dawo Illela na zagaya bayan gida, na tarar katangar ta tsage da gaske, har hannu na shiga. Bayan 'yan kwanaki magini ya zo da siminti, ya ce Yaya ya biya komai. Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin katangar, ta wuni tana kallon aikin. Na tambayi maginin me ya sa aka auna zaure tunda lafiyarsa lau. Ya ce shi dai an ce ya auna, ya auna.

Har yau ni da Yaya ba mu sake tayar da zancen ba, kuma ban san iyakar abin da ya nufa ba. Yana kiran Inna kowace Juma'a, suna hira lafiya. Ƙanwar mahaifinmu da ke ƙauyen Araba ta dawo gidan Inna da zama, su biyu suke kwana yanzu. Yarana sun roƙa a koma bana. Inna ta ce mu je mu gaishe shi, ita tana da awaki.