Sunan Mijina a Kan Rigar Baƙi

Shekara uku ke nan da rasuwar mijina, wanda ni da duk Hausawan Doha muke kira Injiniya. Korona ce ta ɗauke shi, a tsakiyar zafin nan da ko tsuntsu ba ya fita da rana. Ba zan rubuta sunansa na yanka a nan ba. Ban taɓa furta shi ba tun ranar da aka kai ni gidansa, kuma a kan wannan sunan ne nake waiwaye yau.

Ni 'yar Zariya ce da ta tashi da littattafan soyayya na haya a ƙarƙashin filo. Na sha mafarkin saurayi dogo mai saje da ƙamshin turare, wanda zai ce ni ce hasken idaniyarsa. Sai Allah ya haɗa ni da mutumin Yawuri, gajere, wanda ko zance ya zo hirarsa ba ta wuce kogi da kifi. A dandamalin haƙar mai yake aiki, can tsakiyar teku, kuma a nan ya fara ganin manyan kifayen shak masu ɗigo-ɗigon fari da ke taruwa lokacin zafi. Daga nan ya koyi nutso da tukunyar iska a baya. Duk hutun da ya samu, ina nacin kasuwannin Dubai, shi yana haɗa jakarsa zuwa Oman don ya ga shak a gidansa.

Wata rana kishi ya ci ni, na ce da shi bai taɓa yabona rabin yadda yake yabon kifin nan ba. Ya ajiye cokali ya ce, "Ranar da na fara ganin babbar a ƙarƙashin ruwa numfashina ya ɗauke. Karo na biyu ke nan da hakan ta faru da ni a duniya." Ban tambaye shi na farkon ba. Duk karance-karancena ban taɓa cin karo da zance mai daɗin wannan ba.

Yana da ƙa'ida. Kafin ya faɗa ruwa sai ya yi sallama, kamar mai shiga zauren mutane. A ƙarƙashin ruwa yakan harɗe hannuwansa a ƙirji, ba ya taɓa kifi, ba ya ba shi abinci. Baƙo raɓa ne, in ji shi, ya sauka a hankali, ya tashi bai bar sawu ba.

Da ya kwanta a asibiti ba a bar kowa ya shiga ba. Ina kiran waya daga ɗakinmu na unguwar Al-Sadd, a tambaye ni sunan marar lafiya, bakina ya yi nauyi. Wata nas 'yar Jos ce ta gane, ta ce, "Bari kawai, Madam, na san matar Injiniya ce." Ita ta riƙa kara masa waya a kunne, ita ce kuma ta faɗa mini ya cika. Na yi takaba ni kaɗai a gari a kulle, baƙar rigarsa ta roba ta nutso tana rataye a bayan ƙofa.

Sagir ƙaninsa ne, Injiniya ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya samo masa aiki a nan. Tsakanina da shi wasa ne irin na matar wa da ƙanin miji. Ana tsakiyar gasar cin kofin duniya, gari ya cika da baƙi da tutoci, sai ga shi da fara'arsa.

"Matar Yaya, ki sa gyalenki mai kyau, yalla mu tafi. Na haɗa kai da wani mai jirgi, za mu riƙa kai baƙi kallon shak duk shekara da sunan Yaya. Har a jikin jirgin za a rubuta. Su Baffa can gida sun ce sai kin amince."

"Kai da ko a bahon wanka sai an riƙe ka?"

"Ke kuma da kike karanta wa kifin miya addu'a kafin ki taɓa shi?"

Na yi dariya na bi shi. A raina na gama zana yadda za a yi: jirgi yana tafiya a hankali, teku shiru, a yi masa addu'a, ni kuma ƙwalla ta gangaro mini kamar yadda take gangaro wa matan cikin littafi. Ban tsaya na tuna cewa sanyi ya shigo ba, masu ɗigo-ɗigon sun daɗe da tafiya.

Gani ya kori ji. Tun a bakin ruwa aka raba fararen riguna, kowace da sunansa ɓaro-ɓaro a ƙirji. Maza da mata da ba su san ko fari ne ko baƙi ba suna ta gwada kiran sunan, suna karya shi, suna dariya, kiɗa yana tashi. Da muka yi nisa, tun da manyan ba sa nan, sai aka jawo bokitai cike da kawunan kifi da hanji da jini da suka kwana a rana, aka riƙa tuttulawa a teku don a jawo ƙananan shak. Ruwan da yake yi wa sallama ya koma kamar kwatar mahauta. Masu nutso suka faɗa ciki, can wani ya taso yana ihu, wai ya kama wutsiyar ɗaya an ɗauke shi hoto. Wani kuma ya sa ƙugiya ya jawo ƙarama cikin jirgi, tana ta bugun katako, bakinta yana buɗewa yana rufewa, suna layi suna durƙusawa kusa da ita suna ɗaga yatsu biyu. Da suka gaji aka tura ta ruwa da ƙafa. Sai wanda ya riƙe ta ya tuɓe rigarsa, ya goge jini da yauƙin hannunsa da ita, daidai kan sunan, ya jefa ta cikin bokitin hanji.

Na sa hannu a bokitin na ɗauko rigar. Sagir ya matso yana cewa, "Matar Yaya, haka ake yi ko'ina, in ba a zuba ba ba sa zuwa."

Na ce, "To kada su zo. Khalas, an gama, Sagir. Ban amince ba, yau ko baɗi."

Me Injiniya zai ce da yana nan? Ba mai faɗa ba ne. Ina jin zai dubi ƙaninsa ne kawai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, sannan ya yi kwana biyu bai ci kifi ba. Ni ban kai shi haƙuri ba. Har yanzu in na ga tallan irin wannan tafiya a waya, mutum yana murmushi ya dafa bayan abin da aka yaudaro da jini, sai na kife wayar. Suna linzami ne, in ji Hausawa, nasa kuwa sun so su ɗaura wa jakin da bai taɓa hawa ba.

Ba a rubuta sunan a jirgi ba. Abin da na yi asara shi ne wasan da ke tsakanina da Sagir. Yana zuwa gaisuwa ranar Juma'a, ya zauna a bakin kujera, amma Hajiya yake ce mini yanzu.

Da zafin da ya wuce na bi wani jirgi da ke kai mutane kallon manyan daga nesa, ba nutso ba bokiti. Muka daɗe ba mu ga komai ba, sai ga wata babba mai ɗigo-ɗigo ta taso a gefenmu, ta fi motar haya tsawo, bayanta kamar an yayyafa taurari a kan shuni. Numfashina ya ɗauke. Na yi mata sallama a hankali, na harɗe hannuwana a ƙirji har ta wuce. Duk jirgin babu wanda ya san sunan mijina sai ni, ni kuma ban faɗa ba. Allah ya jiƙan Injiniya, ya sanyaya makwancinsa.