Duwatsu a Gindin Ɗorawa

Tun da maigidana ya rasu, ba na jin ƙamshin ɗanyar ciyawa da aka yanke sai hawaye su zubo mini. Ni nake faɗa, 'yata ta biyu tana rubutawa, don ban taɓa zama a aji ba. Na ce mata in ta ga na yi shiru ta jira ni, kada ta cike wurin da nata maganar.

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa muna zaune a bayan wata makarantar horar da malamai ta mishan, a wajen garin Kafanchan. Mu ba 'yan wurin ba ne. Daga wajen Fadan Kaje muka zo, aiki ya kawo maigidana cikin leburorin da ke sare ciyawar makaranta da langa-langa. Shi rabonsa wajen azuzuwa ne da gidajen malamai. Filin ƙwallo kuwa, har gangaren da ke ƙasansa inda wata tsohuwar ɗorawa take tsaye, rabon maƙwabcinmu ne, wani dogon mutum ɗan asalin ƙauyen, mai yawan dariya. Dangar kara ce kawai ta raba gidajenmu. A turmi ɗaya muke daka ni da matarsa.

Sai ga injin yankan ciyawa. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ne ya bar wa makaranta. Ja ne, da ƙananan tayoyi, da kujerar ƙarfe a sama, da sitiyari kamar na mota, a ƙarƙashin cikinsa kuma akwai wuƙa mai juyawa har ido ba ya ganinta. Shugaban makaranta ya tambaya wa ya san ƙarfe a cikin leburori, aka ce maigidana yana gyaran keke da yamma. Shi ke nan aka ba shi. Sauran aka rarraba su, maƙwabcinmu aka kai shi kicin yana faskare.

Ranar farko da maigidana ya hau, maƙwabcin ya tsaya a bakin danga da gatari a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, direba!" in ji shi. Ya juyo gare ni. "Matarmu, sai ki fara koyon zaman gaban mota."

Na yi dariya, don haka muka saba. Amma na lura bakinsa ne kawai ya yi dariyar.

Ni tun farko ban yarda da injin nan ba. Abin da ke cin ciyawa yana ruri, ba ya ƙoshi, ba ya jin kira, ban ga dalilin da zai sa ya bambanta kara da ƙafar mutum ba. Maigidana ma bai yarda da shi ba, sai dai nasa rashin yardar ya zama aiki. Ba ya zuba fetur sai injin ya huce, ko da shugaban makaranta na tsaye yana duba agogo. Ba ya sa hannu a ƙarƙashi sai ya cire wayar fulogi ya rataye ta inda idonsa ke gani. Yakan ce mini, "Uwar yara, wannan ko ya mutu ba a yarda ya mutu ba." Ran Asabar yana kwance wuƙar ya wasa ta da magagari, ya rataye ta a kan ƙusa ya ga ko wani gefe ya fi wani nauyi, ya duba baƙin mai da bel, ya kankare ciyawar da ta daskare a ciki. In raɓa ba ta bushe ba, ba ya hawa. In ya hango yaranmu ko daga nesa, sai ya kashe injin ya kore su.

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne tsintar duwatsu. Kafin ya tayar da injin, sai ya zaga filin a ƙafa da kwanon sarki, yana tsintar dutse, da gwangwani, da guntun waya. Ya ce in wuƙar ta samu dutse, harba shi take yi kamar bindiga.

Da damina ta yi ƙarfi ya gangara gindin ɗorawa a karo na farko. A cikin ciyawa ya tarar da duwatsu uku, kowanne ya kai kan jariri, a jere kusa da juna. Ya kwashe su ya jefa cikin kwazazzabo, ya yanke wurin, bai ma ba ni labari ba. Da ciyawa ta sake tashi ya koma. Ya zaga filin kamar kullum, amma gindin ɗorawa ya duba shi sama-sama, tun da da hannunsa ya share shi.

Ina bakin murhu na ji ƙarar. Ba irin wadda na saba ji ba ce, wata ƙara ce kamar an buga ƙarfen jirgi da guduma, sai kuma shiru. Shirun ne ya sa na jefar da muciya na ruga.

Na same shi zaune a ƙasa yana riƙe da ƙwaurinsa, jini yana bin yatsunsa. Ɓallin dutse ya yaga wandon ya buɗe naman har ana ganin fari. Wani ɓallin ya shige jikin ɗorawa, daidai tsayin fuskar mutum. Ko a haka, da na kai hannu zan janye ciyawar da ta cushe a ƙarƙashin injin don in ga abin da ya faru, sai ya daka mini tsawa.

"Kar ki taɓa! Wayar tana jiki!"

Duwatsu uku ne, a daidai inda ya kwashe na farko.

Aka ɗinke ƙafar a ɗakin shan magani. Wuƙar ta lanƙwashe, sai da aka kai ta wurin wani maƙeri a bakin tashar jirgi. Da yamma maƙwabcinmu ya shigo gaisuwa, ya tsuguna a bakin tabarma.

"Sannu, direba. Jakin naka ya yi harbi ke nan." Ya dubi ƙafar. "A gindin ɗorawa ne?"

Ba wanda ya faɗa masa wurin. Yana kicin lokacin da abin ya faru, kuma daga kicin ba a ganin gangaren. Na dube shi, ya kawar da kai yana wasa da ƙaramin ɗanmu.

Da ya fita na ce, "Baban yara, ka ji abin da ya tambaya?"

"Na ji."

"Dutse ba ya da ƙafa. Ba ya fitowa daga kwazazzabo ya koma wurin zamansa."

"Kin gan shi da idonki?"

"Sai na gan shi? Wa aka karɓe wa filin nan?"

"In ba ki gani ba, kada ki kira sunan mutum," in ji shi, ya juya fuska ga bango.

Daga ranar, in matar maƙwabcin ta aiko mana da tuwon acca, sai in karɓa in gode, in juye wa aladu. Na koma daka a gidan wata. A coci ina zama inda zan riƙa ganin ƙeyarsa, in ana addu'a idona ɗaya a buɗe.

Ƙafar ta warke, maigidana ya koma aiki. Wannan karon da sanda ya bi gindin ɗorawa yana tsokanar ciyawa. Suna nan. Sababbi, an ɗan tura su cikin ƙasa don kada su motsa. Ya kwashe, ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Na ce ya kai ƙara wurin shugaban makaranta, ya ƙi. Na ce to ya ajiye aikin mu koma gida mu noma citta kamar kowa. Ya ce yara fa, da makarantarsu? Sai na ga in ban tsaya da kaina ba, wata rana a kan ƙyaure za a kawo mini shi.

Na fara zuwa tsinkar tafasa a bakin kwazazzabon nan, ko ba na bukatarta. Na fi zuwa ranar kasuwa da rana tsaka, lokacin da unguwa take wofi, don na ce in ni ce mai mugun nufi lokacin zan zaɓa. Na yi ta zuwa ban ga kowa ba sai awaki.

Ran nan na ji motsi a cikin kwazazzabo. Na duƙa a bayan wani kurmi, ina jiran in ga dogon mutum. Sai ga wata tsohuwa tana hawowa da rarrafe, da dutse rungume a ƙirji. Na san ta. Itace take sayarwa, ba ta daɗe da yin baftisma ba, tana zama a bencin baya a zumuntar matan cocinmu. Ta ajiye dutsen a gindin ɗorawa, ta danna shi da dunduniya, ta juya za ta ɗauko wani.

"Kaka!" na ce. "Wa ya aiko ki?"

Ta zauna daɓas. Hausarta kaɗan ce, amma yarenmu da nasu suna kama da juna, sai muka haɗa.

"Ba wanda ya aiko ni, 'yata."

"Dogon nan na kicin ne ya sa ki?"

"A'a." Ta shafa ƙasar da tafin hannu. "Ɗakina ne nan, tun mishan ba su zo ba. Ɗana na fari yana ƙasan nan. Bai kai a ba shi suna ba, sai aka sa shi a bayan ɗaki, yadda ake yi. Dogon yaron nan, in ya zo da langa-langa, kewaye wurin yake yi, bai taɓa taka shi ba. Wannan jan ƙarfen kuwa a kan cikinsa yake bi yana ihu."

"Kin san duwatsunki sun kusa cire wa mijina ƙafa?"

Ta buɗe baki tana dubana. Ba ta sani ba. Ita a ganinta injin zai ga duwatsu ya kauce, yadda mutum ko jaki zai yi. Da aka kwashe, ta ɗauka ba su isa girma ba ne, sai ta nemo waɗanda suka fi. Ta kama zanena da hannu biyu tana kuka, tana cewa kada in faɗa wa fasto, za a ce ta koma tsafi a hana ta jibin Ubangiji, gurasar da ake rabawa a coci. Na zo da faɗa a bakina, na ƙare ina taya ta kuka, don ni ma akwai nawa a bayan wani ɗaki a can gida.

Amma a hanyar komawa kukan ya bushe. Na wuce kai tsaye bayan kicin, na samu maƙwabcinmu yana faskare.

"Ka sani," na ce.

Ya sauke gatarin. "Me na sani, matarmu?"

"Kar ka ce mini matarmu. Ɗan tsohuwar nan. Shekara da shekaru kana kewaye shi."

Ya share gumi. "Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba a faɗin irin wannan. Ɗan da bai samu suna ba, namiji ba ya ɗaga maganarsa. Kuma in ta kai kunnen dattawan ikilisiya, tsohuwar fa?"

"Ƙafar mijina fa?"

"Na ɗauka zai gani. Ba shi ne mai tsintar duwatsu kamar kaza ba?" Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya bari.

"Bayan ya ji ciwo fa? Ka zo ka tsuguna a tabarmarmu, ka ga jinin, ka tashi ba ka ce komai ba."

Ya ɗaga gatarin ya sauke a kan itacen.

Da na kwashe komai na faɗa wa maigidana, sai ya karɓi bayanin maƙwabcin. Ya ce haka al'adarsu take, mu ma muna da namu abubuwan da ba a faɗa. Ya sassaƙa turaku ya shafa musu farar ƙasa, ya kafa su kewaye da gindin ɗorawa, ya mayar da duwatsun da hannunsa. Ya gaya wa shugaban makaranta gangaren wurin ya yi tsanani, injin zai iya kifewa da shi, kuma wannan ma gaskiya ne. In ya iso turakun sai ya kashe injin, ya cire wayar, ya sauka ya gyara gefen da langa-langa. Wani lokaci maƙwabcin yakan zo ya karɓi langa-langar ya yi, suna hira suna dariya kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

Ni dai daga lokacin, duk ranar yanka, nakan riga maigidana shiga filin da sandata, in bi gangaren ina tsokanar ciyawa. Mutane suka riƙa cewa direba ya samu kwandasta. Ban daina ba har injin ya tsufa, aka rasa kayan gyaransa, aka tura shi bayan sito kaji suna ƙwai a kujerarsa.

Maigidana ya tafi wurin Ubangiji da ƙafafunsa biyu. Da nake shafa masa mai a ciwonsa na ƙarshe, tabon yana nan a ƙwauri, fari, ya kai tsawon ɗan yatsana. Ranar jana'iza maƙwabcin ya zo da sanda, ya tsufa ya ranƙwafa, ya yi kuka har ya fi 'yan'uwan mamacin. Na karɓi gaisuwarsa. Ina kallonsa ina jin muryarsa ta wancan yammacin, yana tambaya ko a gindin ɗorawa ne. Wata rana in ce tsoron al'ada ne ya rufe masa baki. Wata rana in ce ya so filinsa ya dawo, ya bar dutse ya yi masa aikin. Yaran sun ce in bari, mutumin ya kusa kabari. To, ni ma na kusa.

Yanzu da inji suke yanke ciyawar maƙabartar coci. Na jera duwatsu a kan maigidana, na shafa musu farar ƙasa yadda ko makaho zai gani, kuma na faɗa wa mai yankan da bakina inda suke. Duk da haka, in na ji an tayar da injin, nakan ɗauki sandata in je in zauna a wajen ƙafafun maigidana har a gama.