Yadda Na Mai da Hanyar Madina Awa Tara

Litinin: Rusaifa zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da minti goma, tun kafin a kira sallar asuba, na tada mota a ƙofar gidanmu da ke unguwar Rusaifa a Makka. Sunana Sani, shekara ashirin da bakwai na yi ina tuƙa bas ɗin alhazai kafin gwiwa ta ce ta gaji. A kujerar gefena 'yata Asiya ce, ita kaɗai Allah ya ba mu, tana riƙe da littafi da biro tana gyangyaɗi.

Ga dalilin tafiyar, don 'yan uwa na Kano da suka ce in rubuto musu yadda aka yi. Asiya ta gama shekarar farko a sashen kimiyya a nan Makka. Likitanci take so, gurbin nan kuwa ya cika. Jami'a biyu suka yarda ta yi tahwil, wato ta koma wurinsu: ɗaya a Jidda, ɗaya a Madina, aka ba ta zuwa azahar ɗin Alhamis ta zaɓa. Ta ce sai ta gani da idonta. Na ce gani ya kori ji, ni zan kai ki. Abin da ban faɗa mata ba shi ne tuni na zaɓar mata. In Jidda ce, za ta je ta dawo ta kwana a gida. In Madina ce, gidan nan zai rage daga ni sai uwarta, kuma ni ba na iya shan shayin la'asar ba tare da surutun yarinyar nan ba.

"Baba, me ya sa tun yanzu? Ba sa buɗe ƙofa sai takwas."

"Da sanyin safiya ake kama fara," na ce mata.

Fara ba ta da laifi a maganar. Duk direba ya san titin Jidda: in gari ya waye sai cunkoso, amma da huɗu babu kowa sai manyan motoci. Kilomita saba'in da biyar muka cinye cikin minti hamsin. Na nuna mata agogo na ce ta rubuta, ta rubuta. Muka yi sallah a masallacin kusa da jami'ar, muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis da shayin adani mai madara, riyal goma sha huɗu, sannan muka zauna fiye da awa biyu muna kallon masu shara suna aikinsu.

Takwas ta shiga ɓangaren mata, ni na zauna a inuwa. Goma da rabi ta fito tana tafiya a hankali.

"Wurin yana da kyau marra, Baba, kyau sosai. Amma darussana uku ba su zo daidai da nasu ba. Sai na sake shekarar farko."

"Shekara ɗaya? Ya binti, kamar yau ne."

Na juyo da mu kafin a tashi daga ofisoshi. A shingen Shumaisi na shiga Makka askarin da ke gadi ya duba hawiyyarmu, wato katin shaida, ya ɗaga hannu. Sha biyu saura muna gida. Matata Hajiya Mairo ta tambaya yaya Jidda, na ce ai ƙofar gida ce, tari mai ƙarfi ma in aka yi a can za mu ji.

Talata: Makka zuwa Madina, ta tsohuwar hanya

Asiya ta so mu hau jirgin ƙasa, tunda tashar a unguwarmu take. Na ce jirgi na baƙi ne masu gaggawa, ɗan ƙasa a mota yake sanin nisa. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Allah ya shirya," ba ta faɗi wa za a shirya ba.

Yau babu kamun fara. Shida da rabi muka tashi, rana ta riga ta fito. Da muka iso inda babban titi yake miƙewa sambal zuwa Madina, sai na karya hagu na nufi bakin teku.

"Baba, allon ya ce Madina gaba."

"Don baƙi aka kafa shi."

A Khulais muka tsaya shan shayi ƙarfe takwas, na zagaya tayoyi huɗu ina ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, har da ta ajiya. A Rabigh, goma da kwata, na sha mai alhali tankin ya fi rabi. Sha ɗaya da minti ashirin muka shiga Mastura, inda na saba cin kifi tun zamanin bas. Mai kifin, wani dattijo ɗan Yaman, ya gane ni tun daga nesa.

"Ya Abu Asiya! Ina zuwa?"

"Madina."

"Ta nan? Ka ɓata ne, ko an rufe babban titi?"

Na ƙifta masa ido har sai da idon ya yi ruwa. Ya ce tayyib, ya tafi soya kifinsa. Kifi biyu da shinkafar sayadiyya riyal saba'in, kuma gaskiya ko ba don makirci ba kifin ya cancanci a tsaya masa. Asiya ta cinye nata tas, ta rubuta lokacin da muka zauna da lokacin da muka tashi.

Ƙarfe biyu muna Badar. Muka haɗa azahar da la'asar, muka yi wa shahidai sallama, na ba ta tarihin wurin tun daga rijiyoyi har zuwa fursunoni, wanda duk an koya mata a makaranta fiye da yadda na sani. Daga nan kilomita ɗari da hamsin ne cikin duwatsu. Ni da na sha fitar da bas daga Muzdalifa inda allura ma ba ta samun hanya, na dafe a kan gudun tamanin kamar mai koyon tuƙi. A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa: na ce injin ya yi zafi, na kashe mukayyif, na'urar sanyaya mota. Minti ashirin muka yi babu sanyi. Gumi ya jiƙa mayafinta, ni kuwa gwiwata ta fara rama mata.

Huɗu da minti goma muka shiga Madina. Awa tara da minti arba'in.

Masaukinmu gidan yayata ce Rabi, wadda ta yi aure a can tun ina saurayi. A bakin ƙofa ta tare mu.

"Tun azahar tuwo ke jiranku. Raƙumi kuka hau?"

"Hanya ce, Yaya. Madina da nisa."

"Yau ta ƙara nisa ke nan." Ta rungume Asiya. "Shigo, doktora, rabu da ubanki."

Muka ci tuwo da miyar kuka, muka sha shayi da na'anar Madina. Yaya Rabi ta nuna wa Asiya ɗakin 'yarta da ta yi aure, ga gado ga teburin karatu, ta ce in ta zo babu zancen zaman sakan, wato masaukin ɗalibai, ga gida. Na duba ɗakin da kyau ina neman aibu. Ban samu ba, sai na ce tagar ta yi ƙanƙanta.

Laraba: Madina, da komawa

Daga gidan Yaya zuwa jami'ar minti goma sha biyar ne, kuma babu wata tsohuwar hanya da zan bi. Takwas ta shiga. Sha ɗaya saura ta fito, saura kaɗan ta yi gudu a gaban mutane. Sun karɓi darussanta duka, shekara ta biyu za ta shiga kai tsaye. An kai ta wani ɗaki mai mutum-mutumi da ke numfashi, an sa mata abin sauraron ƙirji a kunne ta ji bugun zuciyarsa, har malamar ta tambaye ta wani abu ta amsa daidai. Asiya in ta ji daɗi Hausa guduwa take yi daga bakinta, Larabci ne ya dinga zuba babu birki. Ina kallon fuskarta ina gyaɗa kai kamar na ji daɗi.

Muka shiga mota. Ta daɗe tana kallon ginin, sannan ta rufe littafinta.

"Jidda zan saka, Baba."

Zuciyata ta yi tsalle. Na daure fuska na ce, "Saboda nisa ko? Awa tara ba wasa ba ce."

"Baba, a kujerar gaban bas ɗinka na girma. Na san hanyar nan awa huɗu ce, wayata ma ta sani. Amma mutumin da ya mai da huɗu tara, da ciwon gwiwarsa, har da kashe mukayyif, ai ya gama magana. Khalas. Shekara ɗaya ce, kamar yau."

Ba da fushi ta faɗa ba, da murmushi ta faɗa, kuma wannan ya fi zafi. Abin da na yi kwana biyu ina nema ga shi an miƙo mini, na kasa haɗiye shi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a gaban askari ko a gaban ubangidana na aiki. Yarinyar nan za ta zubar da shekara guda ta rayuwarta don tsoho ya sami abokin shan shayi.

Muka yi azahar a Masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Na daɗe a zaune bayan sallama. Da muka je sallamar Yaya Rabi ta cika mana but ɗin mota da dabino da na'ana, ta leƙo ta taga ta ce, "Sani, yau kuma ta ina za a bi? Ta Sudan?"

Ɗaya da rabi muka tashi. Muka wuce Abyar Ali na hau babban titi, na sa allurar gudu daidai inda doka ta tsaya, ba sama ba don kyamarori, ba ƙasa ba don kunya. Tsayawa ɗaya muka yi ta minti goma, na sha mai, ta sayo ruwa. Ban ƙwanƙwasa taya ba, ban ba da tarihin kowa ba, mukayyif kuma ya yi aikinsa har ta ja mayafi ta rufe ƙafa. Biyar da minti arba'in muka shiga Makka. Awa huɗu da minti goma.

A Rusaifa ban shiga layinmu ba, na wuce tashar jirgin ƙasa. Na ce ta biyo ni. Na tambayi saurayin da ke kan kanta, da ƙarfi yadda za ta ji, "Ya waladi, Madina awa nawa?"

"Biyu da 'yan mintoci, ya ammi. Kullum akwai."

Na juyo na dube ta. "Kin ji. Alhamis da yamma kina gida, Asabar da yamma kin koma. Madina za ki saka."

"Baba, shayin fa?"

"Uwarki ta iya surutu, ni ne ban ba ta dama ba."

Ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta kama hannuna a tsakiyar tasha mutane na wucewa da akwatuna. Shida da kwata muka shiga gida. Hajiya ta tambaya yaya Madina. Na ce da nisa, amma ba kamar jiya ba.

Alhamis

Goma na safe Asiya ta ajiye kwamfuta a gabana ta ce ni zan danna. Na miƙa yatsan da ya riƙe sitiyari shekara ashirin da bakwai. Na danna Madina.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Rabi da tuwonta da ɗakinta, tagar ma lafiyarta ƙalau. Na gode wa mai kifin Mastura da ya kusa tona mini asiri, da Hajiya Mairo da ta san komai ta bar ni na je na gano da kaina. Ku 'yan uwa, ku sa Asiya a addu'a, karatun likita doguwar hanya ce ta gaskiya, ba irin tawa ba.

Da zangon karatu ya fara, ni na kai ta tasha. Minti shida ne daga gida, kuma a minti shida na kai ta.