Baba Kashe-Kunna da Akwatin da Ke Sito

Tun da aka ce mai kula da kwamfutocin makarantarmu zai yi ritaya a ƙarshen zangon nan, magana ɗaya ke yawo a ofishin malamai: wai shekara goma sha tara mutumin nan bai iya komai ba sai "kashe ki kunna". Daga nan ma ya samo sunansa. Wai littattafan da ɗalibai ke buɗewa a kwamfuta a intanet suke, abin da kansa yake tafiya, don haka ba sai an ɗauki wani a gurbinsa ba. Shekara talatin na koyar da kimiyya a makarantar nan kafin gwiwa ta zaunar da ni, ban taɓa ganin abin da ke tafiya da kansa ba. Sai na ɗauki sandata.

Kullum yana riga mai shara isowa. Kafin ya gaisa da kowa sai ya shiga sito, inda wata tsohuwar kwamfuta ke zaune kan bulo biyu don gudun ruwa. Ya share mata fanka da burushin fenti, ya duba batirin ajiya, ya kwafe abin da ke cikinta zuwa wani faifai da yake adanawa a gwangwanin biskit. Sannan ya fito ya tambaye ka kwanan iyali.

Malamar tarihi ta ce da can sai ka buga wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo kafin littattafan su buɗe. Ita a tafin hannu take rubuta su, tana wanke hannu sun tafi. Rannan ya hango ta gaban aji tana leƙen hannunta, yara na ƙunshe dariya. Ya bi kwamfutoci arba'in ɗaya bayan ɗaya, ya koya wa kowacce cewa in an rubuta karatu.gida, akwatin sito, wato tsohuwar kwamfutar nan, ake nufi. Daga baya ya sa sunan a na'urar wayafai mai haɗa wayoyi da kwamfutocin makaranta, wayoyi ma suka gane shi.

"Ni dai tun ranar hannuna ya huta," in ji ta.

Na fara gwaji daga gida. Na rubuta karatu.gida a wayata, shiru. A bakin titi, shiru. Ina shiga barandar makaranta, sai ga littattafai reras. Wane irin intanet ne ke tsayawa a ƙofa kamar baƙo?

Na nufi ofishin shugabar makaranta, wadda ni na koya mata auna zafin ruwa.

"Mama, ai yanzu komai a sama yake," ta ce.

"Wace saman? Taso mu je ki nuna mini."

A hanya na sa ta zare wayar intanet da hannunta. Muka leƙa ɗakin kwamfuta, yara na ta karatunsu, ko gezau. Muka shiga sito, muka tarar da Baba a ciki. A jikin tsohuwar kwamfutar akwai alamar alli. Ashe ran Alhamis mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya kwashe duk abin da aka yi wa alama, ga jarrabawa saura mako uku. Sau biyu Baba ya rubuta takarda kan haka, ba wanda ya karanta.

"Kashe mana ita," na ce masa.

"Malama, yara na tsakiyar karatu."

"Minti biyu. In an yi faɗa, ni za a yi wa."

Ya ƙi fizge soket. Sai da ya rufe ta a hankali, kamar mai kwantar da mara lafiya. Kafin mu ƙirga goma, hayaniya ta tashi daga ɗakin kwamfuta. Shugaba ta dubi akwatin, ta dube shi, ta sa bakin mayafinta ta goge allin.

"To Baba, yanzu yaya za a yi?"

"Ranki ya daɗe, tunda an kashe, ai sai a kunna."

Baba, kai ne ka ga hannun malama ka rufa mata asiri. Kai ne aka yi wa suna don tsokana, ka riƙa amsawa da fara'a. Mai haƙuri da na'ura, mai haƙuri da mutane, mun gode, Allah Ya saka da alheri. An fasa soke gurbinka, kuma na ga malamar lissafi ta fara bin ka sito da safe, riƙe da burushin fenti. Ku kuma masu karatu, duk inda kuka ga aiki na tafiya lami lafiya, ku nemi wanda ke riga kowa zuwa, ku gaishe shi, ku koyi hannunsa tun yana nan.

Littattafan ba a intanet suke ba. Suna cikin sito, kan bulo biyu, su dubu uku da ɗari biyu, kuma mutum ɗaya ne ya zuba su.