Yayyafin da Ya Tafi da Rabi

A gidanmu na Djougou, idan damina ta yi nisa, yayyafi kan wuni yana sauka, ba tsawa ba iska. Bayan magariba sai Iya, kakarmu, ta ja murhu cikin zaure, mu kewaye ta muna gasa masara. Ƙanwata Rabi kullum a cinyarta take, lokacin ko haƙoran gaba ba ta zubar ba.

Ranar da Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu mai shagon atamfa a kasuwar Arzèkè, ta zo daga Parakou, Iya ta yi mana tatsuniyar 'ya'yan girgije. Ta ce ƙanana ne ƙwarai, ba su da nauyin da zai kai su ƙasa, sai yawo suke a sama gonaki na bushewa. Rannan wani ɗan babba a cikinsu ya fara gangarowa, duk ƙaramin da ya tarar a hanya sai ya goya shi, har suka yi nauyi suka sauko tare.

"Shi ne yayyafin nan da kuke ji," in ji ta. "Ƙarami ba ya isa ƙasa sai babba ya ɗauke shi." Tana faɗa tana shafa kan Rabi, ba ta kalli kowa ba.

Washegari Gwaggo ta tafi da Rabi riƙo. An ce za a sa ta lakwal, wato makarantar boko. Shara da dakon atamfa aka sa ta.

Ina lise, wato sakandare, malamin kimiyya ya gaskata Iya. Ya ce a girgije mai ɗumi, wanda babu ƙanƙara a cikinsa, ɗigon da ya fi girma ya fi saurin faɗowa, sai ya riƙa karo da ƙanana suna haɗewa. Na tambaye shi ina ƙaramin yake bayan nan. Ya ce babu shi kuma, ya zama jikin babban. Nan ne Iya ta tsallake, kuma na tabbata ta sani. Allah ya jiƙanta, amma har yau ina jin haushin tatsuniyar da ta lallashe mu da ita.

Bara mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, tana ta kiran sunan Rabi. Na tafi Parakou, na hau zem, babur ɗin haya, zuwa Arzèkè. Na sami Rabi tana ninke atamfa, Gwaggo take kira Inna. Ta saurare ni da ladabi, ta ce ba za ta iya barin Inna ita kaɗai a shago ba. Ta rako ni bakin titi.

"Yaya, ka gaishe min da mahaifiyarka," in ji ta. "Allah ya ba ta lafiya."